Rabin Sunana a Bakin Inna

Talata, bayan la'asar. Kusada.

Mun dawo da Inna daga Katsina. Likitan ya faɗi sunan abin da Turanci, ya sake faɗinsa da Hausa, duka biyun ba zan rubuta ba. Ya ce mu kai ta gida ta huta, mu ba ta duk abin da ranta yake so. Yana maganar yana murza biro, bai kalli kowa ba.

Muryarta ta tafi. Ba dushewa ba, tafiya. Bakin yana motsi, iska ce kawai take fita, ita ma 'yar kaɗan. A mota ina gaba, ita da ƙanwata Rukayya suna baya, tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gida fuskarta tana wajen gilashi, tana kallon gonakin da aka share ana jiran ruwa. Da muka iso na miƙa hannu in taimaka mata ta sauko, sai ta kama kafaɗar Rukayya. Na ce a raina ai na saba. Ƙarya nake, ban saba ba.

Laraba, hantsi.

Wata nas ta tambaye ni jiya, wai anya mahaifiyata ce, don tunda aka kwantar da ita ba ta ga ta kalle ni ba. 'Yar birni ce, ban tsaya yi mata bayani ba.

Ni ne ɗan farin Inna, sannan aka ɗora mini sunan surukinta, Malam Ashiru. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ana yaye ni Gwaggo ta ɗauke ni zuwa Kankiya, can na girma, can nake zaune da iyalina har yau, shi ya sa a bakin Inna sunana mutanen Kankiya. A kawo wa mutanen Kankiya ruwa. Mutanen Kankiya sun rame. Ni kaɗai ne, amma taro nake. Furfura ta fara fito mini ban taɓa jin Ashiru daga bakinta ba. Ba sunan kaɗai ba, har maƙwabtansa ta ƙaurace wa. Ashirin a wurinta goma da goma ce. Ashana abin ƙyastawa. Duk matan Kusada asham suke yi da azumi, Inna ita kaɗai tarawihi take yi, har wasu suna mata kallon mai zurfin karatu.

Rukayya kuwa ita ake kira, ita ake tsefe wa kai, ita ake zagi in ta ƙona miya. Ina yaro, in na zo hutu, har zagin nake kishi.

Alhamis, bayan azahar.

Rukayya ta same ni a zaure ta tsuguna, idonta duk ya yi ja.

"Yaya, wani abu take hwaɗi. Tun asuba bakinta bai tsaya ba. In na kai kunnena sai ta rufe shi ruf. In wani wuri ka yi mata ciwo hwa? In saƙo gare ta?"

Na ce ko wuridi take yi. Ta ce ta san wuridin Inna, da carbi take yinsa, carbin kuwa yana rataye a ƙusa tun ranar da muka tafi asibiti. Na shiga in gani da idona. Ina yin sallama bakin ya tsaya, ta juya ta fuskanci bango. Na tsaya ina kallon bayan ɗankwalinta har na ji na zama baƙo, na fito.

Juma'a, bayan an sauko.

An yi mata addu'a a masallaci. Liman ya ce Kubura, sunanta na yanka, sai na ji kamar wata ake nufi.

Asabar, da hantsi. Kankiya.

Na zo ɗaukar kaya. Na shiga ɗakin aikina don kawai in zauna inda abubuwa suke jin maganata.

A makarantar da nake koyarwa a Katsina, bincikena sauraren rumbu ne. Mutane dariya suke yi in na faɗa. Tsutsar da take cin hatsi daga cikin ƙwaya tana da ƙara, sai dai ƙarar ta yi ƙanƙantar da ko ka manna kunne ba za ka ji ba. Makirufo kuma in ka ƙure masa ƙarfi, shuuu ɗin kansa yake ƙarawa ya binne ta. Kafin manomi ya ga gari yana zuba, an gama da shi. To dabarar ita ce a tara sautin tun bai kai ga makirufo ba. Akwai wani inji da yake narka zaren roba yana gina abu sala-sala. Da shi nake fitar da wani abu mai faɗin faifai, cikinsa duk 'yan lunguna ne sirara a nannaɗe, kamar gidan dodon koɗi. Sauti in ya shiga ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya, sai ya yi ta kewaye, ya rage gudu, na baya ya cim ma na gaba, su taru a tsakiya inda makirufon yake zaune. Robar ba wata aba ba ce, 'yar uwar ta bokiti ce. Tsarin lungunan shi ne aikin, kuma kowane tsari da irin sautin da yake kamawa: gajerun lunguna siririn sauti, dogaye mai kauri.

Matata Haulatu ce ta raɗa masa suna tanda, saboda ramukan da ke fuskarsa. Ta ce tunda ba ya toya waina, ai sai ya yi wani amfanin. Yanzu har abokan aikina tanda suke cewa.

Ina cikin juya ta a hannu Rukayya ta bugo. Ta ce in abin nan yana jin tsutsa tana tauna, mi zai hana shi jin Inna? Na ce ba don haka aka yi shi ba. Na ce kuma laɓe ne. Ta ce ita ke kwana da ita, ita ke ganin bakin yana motsi ba ta san mi za ta miƙa ba. Na sa tandar a jaka.

Lahadi, bayan la'asar. Kusada.

Na fara gwada ta a rumbun Inna, don in tabbatar hanya ba ta jijjiga ta ba. Na rataya ta ciki, na sa iyafis, abin saurare, a kunne. Geron bara yana nan lafiya, sai can ƙasa wajen gabas wata tsutsa guda ɗaya tana ƙas, ƙas, ƙas, a natse, ba ta san da ni ba. Na daɗe ina saurarenta. Ban san me ya sa ta ba ni tausayi ba.

Rukayya ta rataya tandar a bangon ɗaki, tsakanin faya-fayan da Inna ta saƙa, daidai saitin kanta, lokacin tana barci. Muka bi da waya ta taga zuwa bayan ɗaki, gindin bishiyar bedi. Nan na shimfiɗa buhu na zauna.

Ashe ɗakin Inna cike yake da jama'a. Gara tana aiki a cikin azara. Randa tana tsatsafo, ɗigo yana taruwa a gindinta ya daɗe yana shawara kafin ya faɗi. Wani ƙadangare ya ja cikinsa a kan kwano, na ji kamar ana jan tabarma a cikin kaina. Na lumshe ido, sai na ga kamar ɗakin ya yi girma, ya yi zurfi, ni kuma na ƙanƙance ina yawo a cikinsa ba wanda ya ce in fita.

Sai ga shi. Ash. Shiru. Ash. Shiru. Sauran kalmar ba ta shigowa, don tandar siririn sauti aka gina ta ta kama, irin na haƙoran tsutsa. Abin da ke bayan ash ɗin yana wucewa ta gefenta. Na miƙa wa Rukayya iyafis, ta ji, ta leƙa ta taga, ta ce gaɓa uku bakin yake yi, a ta ƙarshe leɓen yana tsukewa.

Ban ci tuwon dare ba.

Litinin, bayan azahar.

Kawu Ma'aruf, yayan Inna, ya iso daga Ƙofa a kan tsohon babur ɗinsa, ya bar almajirai da makarantarsa a hannun wani. Da farko ya ƙi sa iyafis, ya ce kunnen da Allah ya ba shi bai kawo ƙara ba. Rukayya ta lallashe shi. Ya zauna a kan buhuna, ya tura rawani gefe, ya saurara. Ya daɗe. Ya ɗago ya kalle ni wani irin kallo, sannan ya mai da idonsa ƙasa.

"Ashiru, cire mini wanga abu. Ashhadu take hwaɗi. Ƙanwata kalma ta riƙe. Numfashi ne ba ya kai ta ƙarshe, Allah kuwa ya san sauran."

Rukayya ta fashe da kuka, amma na sauƙi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, mata suna shigowa suna cewa Kubura ta dace, kowa yana roƙon irin wannan cikawa. Har wata tsohuwa ta shafa tandar ta shafa a fuska, na rasa yadda zan gaya mata robar bokiti ce.

Gidan ya yi sanyi yau. Kowa ya samu abin da zai riƙe.

Talata, bayan asuba.

Ina yaro, in na zo hutu, akwai wasan da nake yi ni kaɗai. In Inna ta tayar da salla sai in zo bayanta in zauna kamar ina wasa da ƙasa. Jira nake ta zauna tahiya. A nan dole ta ce Ashhadu, ba ta da goma da goma da za ta sa a madadinsa. Sai in kama ash ɗin in rufe kunnena da sauri kafin sauran ya fito, in ƙarasa da kaina. Rabin sunana ne, amma daga bakinta. Sau biyar a rana ina samu, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Talata, da yamma.

Kawu ya san karatu. Ni rumbu na sani.

Laraba, hantsi.

Mai cewa Ashhadu yana jan numfashi don abin da zai biyo baya. Na saurari numfashinta. Ba ta ja. Tana sauke shi ne, sannan ta yi shiru, irin shirun wanda ya yi sallama a ƙofar gida.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba. Zan koma Kankiya in gina wata tandar mai dogayen lunguna.

Alhamis, bayan magariba. Kankiya.

Injin ya yi yini yana gini, saura kaɗan wuta ta ɗauke. Batirin sola ya riƙe na ɗan lokaci, shi ma ya sare. Da ta dawo, zafin bazarar nan ya riga ya lanƙwasa abin, lungunan sun manne da juna. Na jefa ta bayan ƙofa.

Haulatu ta kawo abinci ta tsaya a kaina. Ta ce tunda Kawu ya riga ya ji, kowa hankalinsa ya kwanta, me nake nema kuma, ga uwata can kwance ni ina nan ina gadin inji? Na ce aikin bai yi kyau ba ne. Ta ce tun yaushe na fara yi mata ƙarya da aiki. Na koma kan injin. Ta ajiye kwanon ta dafa kafaɗata, ta fita.

Ummu ta leƙo ta tambayi jikin kakarta. Ita ce 'yar farina, kuma sunan Inna ta ci. Ta shiga sakandare bana. Na ce mata da sauƙi, ina kallon injin. Sai da ta tafi na lura ko fuskarta ban kalla ba.

Juma'a, da asuba.

Na yi mafarki na shiga cikin tandar. Lungunan sun zama na tsohon gari, bangon ƙasa hagu da dama, ga sanyi, ga ƙamshin daddawa daga wani gida da ban gani ba. Wata murya tana tafe a gabana, kullum kwana ɗaya ce tsakaninmu. Na san in na ci gaba dole mu haɗu a tsakiya, haka na tsara abin da hannuna. Ina ta tafiya, ba gajiya, ba tsoro. Na ga gefen zaninta ya sha kwana. Sai ladan ya kira salla.

Asabar.

Yau ba a bi hanyar Kusada ba, saboda an ce 'yan bindiga sun tare ta. Rukayya ta bugo ta ce kunu cokali biyu Inna ta sha. Injin yana gini.

Lahadi, bayan azahar.

Cokali ɗaya. Rukayya ta ce bakin bai daina ba, sai dai yanzu yana daɗewa tsakani. Ta ce in zo haka nan, da tanda ko ba tanda. Na ce gobe. Na zauna ina kallon bakin injin yana zagaye, yana ɗora siririn layi a kan siririn layi, kamar Inna tana naɗin faifai. Haushin kaina nake ji. In ta tafi ina nan ina jiran roba ta huce, ban san wa zan gaya wa dalili ba.

Litinin, bayan la'asar. Kusada.

Sabuwar tandar ta fito lafiya, mai kauri kamar akushi. Na ɗaure ta a ƙirji cikin riga, na hau babur.

Inna ta ƙanƙance. Hannunta a kan zani kamar ba kowa a cikinsa. Na yi sallama, bakin ya tsaya. Ba ta da ƙarfin juyawa bango yanzu, sai ta rufe ido kawai.

Rukayya ta sauya tandar. Na koma gindin bedi. Wannan ta fi waccan zurfi. Ba na jin gara sosai, amma ina jin ɗakin kansa yana numfashi, ina jin gadon yana amsa nauyinta, ina jin wani tattabara can a kan rufi yana magana a cikin maƙogwaro. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya, iska ta kwanta, ganyen bedi ko motsi. Duniya ta yi mini shiru kamar an roƙe ta.

Sai ta faɗa.

Na cire iyafis na ajiye a cinya. Na mayar. Ta sake faɗa.

Rukayya ta zagayo ta tambaye ni ko wannan ta fi fitar da shi. Na ce eh, ta fi. Ta ce in ba ta ta ji. Na ce batir ya yi sanyi.

Litinin, bayan magariba.

Ba Ashhadu ba ce.

Talata, bayan asuba.

Ashiru. Haka take cewa. A hankali, tana jan shi ɗin, ta sauke ru ɗin kamar tana ajiye ƙwarya cike da nono. Ba kira ba ne irin na aike. Ban san yadda zan kwatanta ba, don ba a taɓa faɗinsa haka ba, ko Gwaggo da ta goya ni.

Na gane abin da ya faru. Ranar da muryarta ta tafi, ranar bakinta ya samu sarari. Ta tabbata ba mai ji, shi ya sa. Shekara da shekaru yana nan a ajiye kamar geron rumbu, sai yanzu ta buɗe, ita kaɗai, a ɗakinta. Ni kuma na zo da robata na yi mata laɓe.

Na yi kuka a gindin bedi har wata akuya ta zo ta tsaya tana kallona. Daɗi nake ji, kunya nake ji, ban san wanne ya fi ba.

Laraba, hantsi.

In na amsa, ta san an ji ta. Inna da ta ƙaurace wa ashana saboda ni, in ta san ɗan farinta ya kama ta da sunansa a baki, rufe bakin za ta yi, ba za ta sake buɗewa ba. Na ƙwace mata abu ɗaya da ya rage mata ke nan.

In ban amsa ba, tana ta sallama a ƙofar da ba kowa.

Na zauna tun safe ina ji. Kowane kira sai na buɗe baki, in rufe.

Laraba, bayan la'asar.

Kawu ya dawo. Bai nemi iyafis ba, ni ma ban miƙa ba. Ya zauna kusa da ni a gindin bedi yana jan carbi, muna kallon hadarin da kullum yake taruwa ya watse. Ya ce ya zauna a gaban marasa lafiya da yawa a rayuwarsa. Ya ce wani za ka ga jiki ya gama, komai ya gama, amma mutum yana nan riƙe, kamar akwai abin da yake jira a ba shi. Ya ce irin wannan wahala ce gare su, kuma harshe in yana kan wani abu, ba ya sakinsa ya kama wani. Ya faɗi haka yana kallon gabas. Sannan ya tambaye ni ko tandar nan tana jin ruwa kafin ya sauko.

Wannan maganar ta harshe ta tsaya mini. Duk unguwa ta shaida Inna kalma take riƙe da ita. Ni kaɗai na san sunana take riƙe da shi. Ba na so in zama abin da ya tsaya tsakaninta da kalmar.

Alhamis, hantsi.

Rukayya ta tafi dama kunun da ba za a sha ba. Ba kowa a wurin Inna. Ban shiga ɗakin ba, don kada ta ga fuskata, kada in ga tata. Na matso jikin taga daga waje, na jingina da bango, iyafis a kunne ɗaya.

Ta faɗa. Na buɗe baki, na rufe. Na jira. Tattabaran ya yi maganarsa. Ta sake faɗa.

"Na'am, Inna. Ga ni."

Shiru. Shirun da ban taɓa jin irinsa a cikin tanda ba. Gadon bai motsa ba. Na ce shi ke nan, na kashe abin da hannuna. Sai na ji numfashinta yana yankewa guntu-guntu, na zabura zan kira Rukayya, na zaci sarƙewa ce. Ashe dariya take yi.

"Mara kunya."

Na samu zagina. Na durƙushe a gindin bango ina dariya, hawaye yana shiga bakina. Ta huta, ta daɗe tana tara iska, ina jin yadda take tara ta kaɗan-kaɗan.

"Ka ci abinci?"

Ka. Ba kun ba. Mutanen Kankiya sun watse, saura ni. Na ce na ci. Ta ce ƙarya. Na je madafa na karɓi kunun daga hannun Rukayya, na dawo gindin taga na shanye shi da ƙara yadda za ta ji. Rukayya ta biyo ni tana kallona kamar na taɓu.

Juma'a, bayan asuba.

Na zauna a wurina tun gari bai waye sosai ba. Na sa iyafis. Sai na ji ta ja numfashi, doguwar ja, irin wadda ban ji ta yi ba tun da na fara saurare. Ash. Hannuna ya tashi da kansa zai rufe kunne, kamar ina yaro. Na riƙe shi.

Wannan karon Ashhadu ce, kuma ta kai ta har ƙarshe.

Na naɗe wayar, na shiga ɗaki na sauke tandar daga bango. Na zauna a bakin gado. Ba ta buɗe ido ba, amma ba ta janye hannunta ba.

Asabar.

Ruwan farko ya sauka muna dawowa daga maƙabarta.

Lahadi, bayan la'asar.

Zaure cike. Kawu yana gaya wa duk wanda ya zo cewa ƙanwarsa da kalma ta cika, an ji da na'ura, ga mai na'urar nan a tambaye shi. Suna juyowa, ina cewa haka ne. Gaskiya nake faɗi. Wani ya tambaya ko na ɗauka a waya a ji. Ban ɗauka ba, ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

Da mutane suka ragu, Kawu ya matso yana neman takalminsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ka dai amsa mata ko?"

Na ce na amsa. Ya ce alhamdu lillahi. Ya sa takalmin a hagunce, ya cire ya gyara, ya ce a kawo masa ruwa.

Alhamis, da yamma. Kankiya.

Na bar tandar mai kauri a rumbun Inna. Rukayya ta ce ba ta jin tsutsa da kyau. Na ce ta bar ta nan dai.

Ƙasa ta jiƙa, gari yana ƙamshi. Ina zaune a ƙofar ɗakin aiki, Ummu tana can ƙarshen tsakar gida tana kwashe shanya kafin hadari ya iso, ta ba ni baya. Na daɗe ina kallonta. Tsayuwar Inna gare ta, har yadda take karkatar da kai, ban taɓa lura ba don ban taɓa tsayawa na kalla ba. Tun ranar sunanta ban furta sunan da aka raɗa mata ba.

Na faɗa a hankali, can ƙasa, yadda sai tanda ce za ta iya kamawa. Kubura.

Ta juyo da zani a hannu, tana duba wa ya yi magana. Ta kalli ɗakin uwarta, ta kalli ƙofar gida, sannan ta kalle ni.

"Na'am, Baba?"

Na ce ta zo ta zauna, shanyar ta jira.